Gudumar Haɓa ko Lantarkin Leɓe: Wanne Za Ka Auna a Binciken Ciwon Kai Mai Ɗauri?

Duk wanda ya taɓa cin shinkafa 'yar gida da ba a rege da kyau ba ya san abin da zan yi magana a kai. Kana cikin tauna, haƙori ya hau tsakuwa, ƙas! Kafin ka ce wayyo, baki ya riga ya saki. Ba kai ka ba da umarnin ba. Gindin ƙwaƙwalwa ne ya ɗauke wa tsokokin tauna wuta na ɗan lokaci don kada haƙori ya fashe. Akwai kuma kishiyar wannan. Idan mutum ya ɗan saki baki, likita ya ɗora yatsa a haɓarsa ya ƙwanƙwasa da 'yar gudumar roba, sai muƙamuƙi ya zabura ya rufe. Na farko birki ne, na biyu totur.

Su biyun nan ne masu binciken ciwon kai mai ɗauri suka daɗe suna aunawa a muƙamuƙi. Na rubuta wannan ne saboda likita mai neman ƙwarewa a fannin jijiya, ko likitan haƙori, ko ɗalibin digiri na biyu da ya samu damar amfani da na'urar EMG, mai ɗaukar lantarkin tsoka, kuma aka ce ya kawo tsarin bincike. Lokaci da kuɗi ba za su ishe shi ya yi duka ba, dole ya zaɓi ɗaya.

Ciwon kai mai ɗauri shi ne wanda majiyyaci zai ce maka ji yake kamar an naɗa masa rawani tamau, ko an ɗora masa dutsen niƙa a ka. Gefe biyu yake kamawa, ba ya bugawa kamar ganga, tafiya ko hawan bene ba sa ƙara shi, kuma ba ya zuwa da amai irin na ciwon ɓarin kai. A ƙa'idar Ƙungiyar Ciwon Kai ta Duniya, bugu na uku na 2018, in yana zuwa kwana 15 ko fiye a wata har sama da wata uku, ya zama mai naci. Wannan mai nacin shi ne ya fi jan hankalin masu awo. Da can an ɗauka tsokokin kai ne ke ɗaurewa su haddasa ciwon, har bugun farko na ƙa'idar, na 1988, ya yarda a yi amfani da EMG wajen rarrabe majiyyata. Da aka zo bugu na biyu a 2004 sai aka cire shi, aka bar latsawa da yatsa kawai, domin awon lantarkin tsoka a zaune bai raba mai ciwo da mai lafiya yadda aka zata ba. Hankali ya koma kan mai riƙe da linzamin tsokar, wato gindin ƙwaƙwalwa. Jijiya ta biyar cikin waɗanda ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, mai rassa uku, ita ke kai saƙon zafi daga kai da fuska, ita ce kuma ke motsa tsokokin tauna. Shi ya sa muƙamuƙi ya zama kafar leƙe.

Birki: shirun tsoka bayan an tsikari leɓe

Yadda ake yi ba wuya. A manna 'yan faya-fayan ɗaukar lantarki a kan tsokar gefen kai, wadda za ka ji tana motsi a saman kunne ta gaba in kana tauna, ko a kan tsokar kunci. A ce wa mutum ya cije haƙora da ƙarfi. Yana cikin cijewa sai a sakar masa ɗan lantarki a kusurwar baki, a tsarin da aka fi sani miliamfa 20 na tsawon kashi ɗaya cikin goma na milisakan (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan). A allon na'ura za ka ga zanen tsokar da ke ta hayaniya ya yi tsit sau biyu. Shiru na farko, ES1, yana farawa tsakanin milisakan 10 zuwa 15 bayan tsikarin. Sai hayaniya ta ɗan dawo, sannan shiru na biyu, ES2, ya fara wajen milisakan 40 zuwa 50, ya kuma fi na farko daɗewa. Likitocin jijiya na Italiya da Holan sun fi kiran su SP1 da SP2, kuma su sukan tsikari jijiyar haɓa ko ta ƙarƙashin ido su ɗauka a kunci. Asalin abin ɗaya ne, amma kada ka haɗa alƙalumansu a tebur guda kamar hanya ɗaya aka bi.

Shiru na farko gajeriyar hanya yake bi, zango ɗaya ko biyu, wato mahaɗar da saƙo ke tsallakawa daga ƙwayar jijiya zuwa wata, kusa da cibiyar da ke motsa tsokar tauna, don haka ba ya cika sauyawa. Na biyu kuwa hanyarsa doguwa ce. Saƙon yana gangarawa ƙasa cikin gindin ƙwaƙwalwa, ya ratsa zango da yawa, sannan ya hauro ya taka birki a gefe biyu. Kowane zango ƙofa ce da sassan ƙwaƙwalwa na sama, masu kula da tsoro da damuwa da rage zafi, za su iya shigowa su sa baki. Abin da ya sa ES2 ya burge masu bincike ke nan, kuma shi ne ya jefa su cikin wahala.

A 1987 Jean Schoenen da abokan aikinsa a Liyej ta Beljiyam suka buga sakamako a mujallar Neurology: ES2 ya gajarce, a wasu ma ya ɓace, a masu ciwon kai mai ɗauri mai naci, alhali ES1 lafiya lau, kuma masu ciwon ɓarin kai ba su nuna wannan gajarta ba. Ka duba irin daɗin wannan labari. Ciwon da ba ya fitowa a hoto, ba ya fitowa a jini, wanda ake yawan ce wa mai shi damuwa ce kawai, ga shi an samu lamba da za a nuna. Fassarar ma ta zauna daram: birkin ya yi sanyi, shi ya sa tsoka ke ɗaurewa. Wasu ɗakunan bincike, musamman a Jamus, suka gwada suka samu abin da ya yi kama da haka.

Sai aka fara gwajin da mai awo bai san wane ne majiyyaci wane ne mai lafiya ba. Zwart da Sand a Trondheim ta Norwe sun yi haka a 1995, ba su ga bambanci ba. Lars Bendtsen tare da Rigmor Jensen da Jes Olesen a Glostrup, kusa da Kofanhegan, suka auna majiyyata 55 da masu lafiya 55 a 1996, kwamfuta ce ta yanke tsawon shirun, suka samu ES2 daidai yake a ɓangarorin biyu, kuma bai damu da ko mutum na cikin ciwo ran nan ko ba ya ciki ba. Lipchik da Holroyd a Jami'ar Ohayo ta Amurka su ma ba su ga gajartar ba. Abin da ya raba musu majiyyata da masu lafiya shi ne zafin da tsokokin kai ke yi in an latsa da yatsa.

Wani sakamakon na Glostrup ya fi waɗannan duka ba ni tunani. A gwajin da suka yi na amitiriftilin, wani maganin damuwa da ake bayarwa don rigakafin wannan ciwo, maganin ya rage ciwon da kusan kashi 30 cikin 100 in an gwada da ƙwayar bogi, sitalofiram kuwa, shi ma maganin damuwa ne, bai yi wani tasiri ba. Da gajartar ES2 ce tushen cutar, da sai maganin da ya yi aiki ya tsawaita shi. Amitiriftilin ƙara gajarta shi ya yi. Wato majiyyaci na samun sauƙi, lambar kuma na tafiya ta inda aka ce cuta take.

Ba ina nufin mutanen Liyej sun yi ƙarya ba. ES2 ne kamar hawainiya. In mutum ya ƙara ƙarfin cizo, shirun ya ragu. In ka ƙara ƙarfin lantarki, ya ƙaru. In ka jera tsikarin kusa da kusa, jiki ya saba, shirun ya shiga dusashewa, shi ya sa ake barin sakan goma ko fiye tsakanin tsikari da tsikari. Ƙungiyar Schoenen da kanta ta nuna cewa ya fi gajarta a lokacin al'adar mata. Ga kuma rigimar ma'ana: ina shirun ya fara, ina ya ƙare? Wasu sun ce sai lantarkin tsoka ya faɗi da kashi 80 cikin 100, wasu sun ce rabi ya isa. Wasu suna tara zane goma su fitar da matsakaici sannan su auna, wasu suna auna kowane zane shi kaɗai. In ka ba mutum biyu zane ɗaya da ma'auni daban, lamba biyu za su kawo maka. To ina ga wanda ke sa alamar da hannu, kuma ya san mai zanen nan majiyyaciya ce da ta shekara biyar tana kuka da kai? Ba sai ya yi niyyar maguɗi ba, hannu ne kawai zai ɗan karkata.

Akwai kuma tambayar ko wace jijiya ake tsikara. Lantarki ya fi saurin tayar da manyan zaruruwan jijiya masu ɗaukar taɓi, kafin ƙananan da ke ɗaukar zafi. Giorgio Cruccu na Rum da abokan aikinsa sun daɗe suna kafa hujja cewa shirun biyu duka ta manyan zaruruwan nan suke bi. In haka ne, wanda ya auna ES2 ya ce ya auna hanyar zafi ya faɗi abin da ya fi awonsa.

Totur: zaburar muƙamuƙi

Wannan ya girmi wancan nesa ba kusa ba, tun wajen 1886 likitoci a Landan suke rubutu a kansa. Hanyarsa ita ce mafi gajarta: an ja tsoka ba zato, 'yan na'urorin jin miƙewa da ke cikinta suka aika saƙo, zango ɗaya tak, umarni ya dawo. Milisakan 6 zuwa 8 an gama. Wani abin sha'awa, ƙwayoyin jijiyar da ke ɗaukar wannan saƙon a cikin ƙwaƙwalwa suke zaune, a tsakiyar gindinta, ba a waje ba kamar sauran 'yan uwansu masu ɗaukar ji.

A nan sai a yi hattara, domin abu biyu ake kira da suna ɗaya. Akwai guduma mai maɓalli da ke tayar da na'ura in ta taɓa haɓa. Tana da kyau wajen auna lokacin isowar amsa da gwada dama da hagu, kuma bambancin da bai kai milisakan ɗaya ba yakan tona rauni a gindin ƙwaƙwalwa. Sai dai mai ciwon kai mai ɗauri ba shi da irin wannan rauni, lokacin isowarsa daidai zai fito. Abin da kake nema a wurinsa girman zaburar ne, girman kuwa ya dogara da ƙarfin bugunka, da inda gudumar ta sauka, da yadda bakin ya buɗe, da yadda haƙora suke haɗuwa. Hannun mutum ba ya bugu iri ɗaya sau ashirin. Wasu tsofaffi masu ƙoshin lafiya ma ba a samun zaburar a wurinsu sam. In guduma ce kaɗai gare ka, shawarata ka bar wannan hanya.

Na biyun shi ne injin da ake yi musamman. Mutum ya ciji wasu ƙarafa biyu da haƙoran gaba, yana kallon allo yana riƙe cizon a wani ƙaramin mataki da aka ƙayyade, sai mota ta ja na ƙasan da milimita ɗaya cikin milisakan goma. Kowane ja daidai yake da na baya. A Alborg ta Danmak, Peter Svensson da Kelun Wang da Lars Arendt-Nielsen sun yi shekaru suna aiki da irin wannan injin. Sun yi ta zuba ruwan gishiri mai kauri a tsokar kuncin masu lafiya don haddasa ciwo na ɗan lokaci, suka ga zaburar na ƙaruwa, a wasu gwaje-gwajen kuma suka ga ES2 na raguwa. Ka lura da abin da wannan ke nufi: ciwon tsoka shi kansa yana sauya awon biyu. Don haka in ka ga sauyi a majiyyaci, ba ka da ikon cewa sauyin ne ya haifi ciwon. Mai yiwuwa ciwon ne ya haife shi. A 2009 aka buga wani aiki daga Alborg ɗin, Peddireddy ce a gaba, da ya nuna zaburar ta fi girma a masu ciwo mai naci in an daidaita ta da ƙarfin cizon da ke ƙasa, amma ba su fi masu lafiya saurin jin zafi ba in an danna tsoka da ma'auni.

Daidaitawar nan ba ado ba ce. Girman zabura yana hawa tare da yawan aikin da tsoka take yi kafin a ja ta. Mai ciwo kuma sau da yawa cizonsa mafi ƙarfi bai kai na mai lafiya ba, saboda haka in ka ce kowa ya riƙe kashi kaza na ƙarfinsa, ba abu ɗaya suke riƙewa ba. Dole ka raba girman zaburar da lantarkin da ke gabanta, ka kuma bayyana a rubuce yadda ka yi.

To in an ɗora su a sikeli fa? Zaburar inji ta fi tsabta: tsikarin iri ɗaya ne, amsar tana da ƙololuwa da kwari da kwamfuta za ta auna ba gardama, ba ta da zafi, majiyyaci ba ya zama cikin fargabar lantarki. Amma abin da take gaya maka ƙunci gare shi. Tana faɗin yadda ƙwayoyin motsa tsoka da na'urorin jin miƙewa suke a shirye, ba ta ratsa doguwar hanyar da ake zargi a ciwo mai naci. Aikin da aka yi da ita a wannan ciwo kaɗan ne, galibi daga gida ɗaya, wanda ke nufin akwai fili, yana kuma nufin ba ka da abokan gwadawa da yawa. Injin ba a shiga kanti a saye shi kamar na'urar awon hawan jini, sai an ƙera, an gwada shi, an samu amincewar kwamitin ɗa'a cewa ba zai karya haƙorin kowa ba. Kuma yana son haƙoran gaba masu ƙwari. ES2 kuwa duk na'urar EMG ta asibiti mai sashen tsikari za ta yi shi gobe da safe, yana taɓa hanyar da ta fi kusa da tambayar, akwai tarin rubuce-rubuce a kansa. Laifinsa dai ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Akwai hanya ta uku da zan ambata a gurguje. In aka haska zafin lesa a gefen baki maimakon lantarki, ƙananan zaruruwan zafi kaɗai ake tayarwa, sai a samu shiru guda ɗaya da ke farawa wajen milisakan 70. Romaniello da Cruccu da mutanen Alborg sun yi aiki da shi, musamman a ciwon gaɓar muƙamuƙi. Ta fuskar tunani ita ce ta fi dacewa da mai son auna hanyar zafi. Ta fuskar aljihu kuwa sai mai babban tallafi. Wanda ya samu dama ya tuna cewa lesar iskar kabon a ruwan saman fata take ƙarewa, ba ruwanta da launi, amma wasu nau'o'in lesa masu gajeren zangon haske baƙar fata ta fi shan su, ma'aunin da aka gwada a kan Turawa zai iya ƙona namu.

Abin da zan zaɓa

In tambayarka ita ce ko awon nan zai taimaka a gane mai ciwon kai mai ɗauri a asibiti, kada ka ɓata shekara biyu. Kwamitin ƙungiyoyin likitocin jijiya na Turai, ƙarƙashin Giorgio Sandrini, ya duba gwaje-gwajen nan a 2004 ya sake dubawa a 2011, bai ba da shawarar a dogara da su wajen gano cutar ba. Labarin majiyyaci da littafin da yake rubuta kwanakin ciwo sun fi su.

In kana da injiniya a kusa, da kuɗin ƙira, da mai duba aiki da ya san tsokar tauna, zaburar inji ta fi ba ka damar faɗin sabon abu, ko da maimaita aikin 2009 ne a wasu mutane daban.

In kuwa EMG ce kawai, kamar yadda lamarin yake ga yawancinmu, ka ɗauki ES2, amma ka sauya tambayar. Kada ka sake tambayar ko ya fi gajarta a majiyyata, mutum 110 a Glostrup sun riga ka, kai kuma da kyar za ka tara rabinsu. Ka sa kowane mutum ya zama ma'aunin kansa: kafin magani da bayan wata biyu, ko kafin a tsoma hannunsa a ruwan ƙanƙara da lokacin da yake ciki, ko kafin ya yi dogon cizo da bayansa. Abin da ya sa ES2 ya kasa zama shaidar cuta, wato saurin sauyawarsa, shi ne ke sa ya yi amfani a irin wannan tsari. Ka haɗa shi da latsa tsoka a tsarin da ya samo asali daga aikin Langemark da Olesen na 1987, wanda aka saba yi a wurare takwas a kowane gefe, maki 0 zuwa 3, jimla 48. Yatsa biyu kawai yake ci, kuma shi ne awon da ya fi tsayawa da ƙafarsa a wannan ciwo.

Sauran ƙananan abubuwa ne da kan rusa aiki a wurarenmu. Wutar gari a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a sakan, wato kowane zagaye milisakan 20, tsawon da zai iya shiga tsakiyar shirun da kake aunawa ya cike shi. Matatar da ke cire wannan ƙara kuma takan bar wata 'yar rawa bayan tsikari, ta ɓata ES1. Gara ka ɗora na'urar a kan batir, ka kashe fanka da cajar waya, ka gyara wayar ƙasa. Mai cikar saje da gemu ba za ka samu wurin mannawa a kuncinsa ba, kuma ba za ka ce wa dattijo ya aske don bincikenka ba, saboda haka ka tsaya a tsokar gefen kai ga kowa tun farko. Ga mata, a samu mace ta manna, a rubuta ranar al'ada. Ka tambayi goro: guda nawa a rana, yaushe aka ci na ƙarshe, domin tauna ce mai yawa, ga kuma sinadarin kafeyin a cikinsa, barinsa kwatsam ma yana kawo nasa ciwon kan. Ka ƙirga turamen haƙori da suka fita. Ka tambayi farasitamol, wanda ke shan sa kwana 15 a wata ya shiga wani rukunin ciwon daban, na yawan shan magani, sai a fitar da shi. Wanda ke kan amitiriftilin kuma ka riga ka san abin da zai yi wa lambarka.

Sannan ka rubuta ma'anar shiru a takarda kafin majiyyaci na farko ya zauna: kashi nawa, zane nawa, tazarar sakan nawa. Kowane fayil a ba shi lamba maimakon suna, takardar lambobin ta zauna a aljihun wani abokin aiki da ba ya cikin binciken, kada ya miƙo maka ita sai ka auna zane na ƙarshe.